Sudan: yadda masu siyasar Musulunci suka riƙe mulki shekara 30, da abin da suka bari

Da asubahin ranar Juma'a 30 ga watan Yunin 1989, wasu hafsoshin soja suka kame gidan rediyon Omdurman da hedikwatar rundunar soja a Khartum, suka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin Sadiƙ al-Mahdi. Jagoransu wani birgediya ne da mutane ƙalilan suka san sunansa, Umar Hasan al-Bashir. Aka kwashe shugabannin jam'iyyu zuwa gidan kason Kobar, cikinsu har da Dokta Hasan al-Turabi, madugun masu neman kafa gwamnatin Musulunci a ƙasar. Ganin Turabi a tsare ya sa Masar ta ɗauka cewa sojoji ne kawai 'yan kishin ƙasa, ta yi gaggawar amincewa da su.

Ashe ungulu aka yi da kan zabo. Ƙungiyar Turabi ce ta kitsa juyin mulkin, kuma shigarsa kurkuku dabara ce ta ɓatar da sawu. Shi da kansa ya amsa haka daga baya, bayan ya ɓata da Bashir.

Sudan tana da matsayi na daban a tarihin siyasar Musulunci. A Aljeriya, jam'iyyar FIS ta lashe zagayen farko na zaɓen Disambar 1991, sojoji suka soke zaɓen kafin ta taɓa mulki. A Masar, Muhammad Mursi shekara guda ya yi aka tuɓe shi a Yulin 2013. Magoya bayan waɗannan ƙungiyoyi suna iya cewa ba a bar su sun gwada ba, kuma da gaskiyarsu. A Sudan kuwa an gwada. Ƙungiyar ta riƙe soja da kotu da banki da makaranta har kusan shekara 30, ba tare da wata jam'iyyar hamayya mai haƙora ba. Wanda ke son sanin abin da ke faruwa idan taken wa'azi ya zama gwamnati, can ya kamata ya duba.

Kalmar da ake zuba kowa a cikinta

Mai sauraren labarai da Faransanci ya saba jin kalmar "islamiste" ana laƙaba ta ga ɗan majalisa a Rabat, da malami a Alƙahira, da ɗan bindiga a yankin tafkin Cadi, kamar duk abu ɗaya ne. Wannan gajarta tunani ne. Abin da Larabawa ke kira al-Islam al-siyasi yana nufin ƙungiyoyin da ke ganin cewa Musulunci tsarin mulki ne cikakke, kuma hanyar tabbatar da shi ita ce kama ragamar gwamnatin zamani, da jam'iyya da katin zama ɗan ƙungiya da jarida da reshen ɗalibai. Musulmi mai sallah da azumi ba lallai ne ya zama ɗan wannan tafiya ba. Haka ma shehin ɗariƙa, haka ma malamin zaure. Masu iƙirarin jihadi irin su Alƙa'ida da Da'esh kuma suna kafirta zaɓe da majalisa, suna zargin 'yan Ikhwan da sayar da addini don sun shiga takara.

Tushen abin ya faro ne bayan Turkiyya ta soke halifanci a 1924. Shekara 4 bayan haka wani malamin firamare, Hasan al-Banna, ya kafa ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi, wato Ikhwan, a garin Isma'iliyya na Masar. A Indiya, Abul A'ala Maududi ya kafa Jama'at-i-Islami a 1941. Dukansu suna amsa tambaya ɗaya ce: me ya sa Turawa suka danne Musulmi, kuma ta yaya za a miƙe? Ɗaliban Sudan da suka yi karatu a Masar ne suka kawo wannan tunani gida, aka tsara ƙungiyar a hukumance a 1954, shekara 2 kafin samun 'yancin kai.

Ɗan alƙali da ya yi karatu a Sorbonne

An haifi Hasan al-Turabi a Kassala a 1932, mahaifinsa alƙalin shari'a ne. Ya karanta aikin lauya a Khartum, ya wuce Landan, ya kammala digirin digirgir a jami'ar Sorbonne ta Faransa a 1964. Yana jin Larabci da Ingilishi da Faransanci, ya kuma auri Wisal, 'yar'uwar Sadiƙ al-Mahdi, mutumin da zai kifar daga baya. Ya dawo gida daidai lokacin boren Oktoban 1964 da ya kori gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Abbud, kuma a cikin wannan bore sunansa ya fito.

Matsalar ƙungiyarsa ita ce ƙanƙanta. Ƙuri'un talakawan Sudan suna hannun manyan gidaje biyu na addini: Ansar na zuri'ar Mahdi, da ɗariƙar Khatmiyya ta gidan Mirgani. Ikhwan kuwa 'yan boko ne, malaman makaranta da likitoci da lauyoyi da ɗalibai. Turabi ya gane cewa ba zai ci waɗannan gidaje da yawan jama'a ba, sai ya ɗauki wata hanya: a shiga cikin gwamnati a hankali, ko wace iri ce.

Ja'afar Numairi, wanda ya yi juyin mulki a 1969 tare da 'yan gurguzu, ya ɗaure Turabi na shekaru. Amma da aka yi sulhun ƙasa a 1977, Turabi ya fito ya rungumi mai ɗaure shi, har ya zama babban lauyan gwamnati a 1979. Shekarun da suka biyo baya su ne suka gina ƙungiyar. Bankin Musulunci na Faisal, wanda aka kafa a wancan lokaci da jarin attajiran Saudiyya, ya riƙa bai wa ƙananan 'yan kasuwa na ƙungiyar bashi, suka zama manya. 'Yan Sudan da ke ci-rani a ƙasashen Larabawa masu mai suka riƙa turo kuɗi ta hannunsu. A asirce kuma aka fara ɗaukar hafsoshin soja.

A Satumbar 1983 Numairi ya ayyana dokokin shari'a, aka fara yanke hannu, yawanci na talakawa da baƙin birni, a lokacin da fari da yunwa ke cin yammacin ƙasar. Ba Turabi ne ya rubuta dokokin ba, amma ƙungiyarsa ta mara musu baya da zanga-zangar goyon baya. A ranar 18 ga Janairun 1985 aka rataye Mahmud Muhammad Taha, dattijo ɗan shekara 76, bisa hukuncin ridda, bayan ya raba takarda yana sukar dokokin. Ikhwan ba su nuna alhini ba. Cikin watanni 3 gwamnatin Numairi ta faɗi.

A zaɓen 1986 sabuwar jam'iyyarsu ta al-Jabha al-Islamiyya ta zo ta uku da kujeru 51, kuma 23 daga ciki sun fito ne daga kujerun da aka keɓe wa masu ilimi mai zurfi. Turabi kansa ya faɗi a mazaɓarsa, don sauran jam'iyyu sun haɗa kai a kansa. Sai kuma a Nuwamban 1988 shugaban Khatmiyya ya cim ma yarjejeniya da madugun 'yan tawayen kudu John Garang, wadda ta tanadi dakatar da dokokin Satumba. Ana dab da aiwatar da ita ne tankoki suka fito.

Tamkin

Sabuwar gwamnatin ta sa wa kanta suna Inƙaz, wato ceto, ta kira shirinta "aikin wayewa". Amma kalmar da 'yan Sudan suka fi tunawa ita ce tamkin, wato kafa 'yan ƙungiya a kowace kujera. An sallami dubban ma'aikata da alƙalai da sojoji da malaman jami'a da sunan maslahar jama'a, aka cike gurabensu da 'yan gida. An rusa jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago. Jami'an tsaro suka buɗe wuraren azabtarwa a cikin unguwanni, waɗanda jama'a suka raɗa wa suna gidajen fatalwa. A Disambar 1989 aka rataye wani matashi saboda an sami kuɗin ƙasashen waje a gidansu, abin da 'yan shekaru kaɗan bayan haka ya zama halal a kasuwa. A Afrilun 1990, cikin watan azumi, aka harbe hafsoshi 28 da aka zarga da yunƙurin juyin mulki, bayan shari'ar da ba ta wuce sa'o'i ba.

Yaƙin kudu, wanda asalinsa rikici ne na rabon iko da arziki, aka sauya masa suna ya koma jihadi. Aka kafa dakarun sa-kai na Difa'a al-Sha'abi, aka riƙa kwasar ɗalibai zuwa fagen daga, wanda ya mutu kuma a je gidan iyayensa a yi masa "bikin auren shahidi". Shekaru bayan haka, da Turabi ya koma hamayya, sai ya daina kiran yaƙin jihadi. Iyayen da suka rasa 'ya'ya ba su manta da wannan ba.

Adalci ne a faɗi abin da suka yi na gini. An buɗe jami'o'i a jihohi da dama, ko da yake ingancinsu ya yi ƙasa. An fara fitar da man fetur a Agustan 1999, an shimfiɗa hanyoyi, an gina madatsar ruwa ta Marawi. Turabi ya rubuta tun a shekarun 1970 cewa mace tana da 'yancin shiga al'amuran jama'a, kuma mata sun taka rawa a ƙungiyarsa fiye da yadda aka saba gani a takwarorinta. Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum ta yaye ɗalibai masu yawa daga Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Sai dai gwamnatin da ta saka mata a majalisa ita ce kuma ta kafa dokar 1991, wadda sashe na 152 nata ya tanadi bulala har 40 ga mace saboda suturar da ɗan sanda ya ga ba ta yi masa ba. Waɗanda suka fi shan wannan bulala su ne masu sayar da shayi a bakin titi.

A waje, Turabi ya so ya mai da Khartum cibiyar masu adawa da Amurka. Usama bin Ladan ya zauna a can daga 1991 zuwa 1996. Amma ko a lokacin, maslaha ta fi aƙida ƙarfi: a Agustan 1994 gwamnatin ta miƙa wa Faransa ɗan ta'addar nan Carlos, wanda shi ma baƙonta ne. Yunƙurin kashe Husni Mubarak a Addis Ababa a Yunin 1995, wanda aka gano hannun jami'an Sudan a ciki, ya jawo wa ƙasar saniyar ware, ga kuma takunkumin Amurka na 1997.

Alkawarin da ya ja hankalin mutanen yamma

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ba a cika ba shi muhimmanci ba, alhali shi ne ya fi shafar duk wanda ke zaune a matsayin tsiraru a wata ƙasa. Tun zamanin Turawa, mulkin Sudan yana hannun ƙabilun bakin kogin Nilu na arewacin Khartum. Mutanen Darfur da Kordofan da gabas suna gefe. Can ƙasa da su kuma akwai waɗanda ake kira Fallata ko Takari, wato Hausawa da Fulani da Barebari, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Guminsu ne ya raya gonakin auduga na Jazira da na dawa a Gadarif. Duk da haka dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da cewa kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar da yawansu a waje, ko da an haife su a can, an haifi iyayensu a can.

Ga irin waɗannan mutane, kiran Ikhwan yana da daɗin ji. Ƙungiyar ta ce Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, ba ruwanta da ƙabila ko launin fata, taƙawa ce ma'auni. Turabi ya yaba wa riƙon addinin mutanen yamma, ya kuma jawo 'yan bokonsu. Dokta Ali al-Hajj, ɗan Darfur mai asalin Barno, ya zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyar. Dokar 1994 ta dawo da ranar sharaɗin zama ɗan ƙasa zuwa 1 ga Janairun 1956, abin da ya buɗe wa dubban jikokin mutanen Afirka ta Yamma ƙofar samun takarda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa har yau ake samun dattawa a unguwannin Hausawa da ba sa zagin Inƙaz da baki ɗaya.

Amma takarda daban, kujera daban. Wanda ya fara gane haka shi ne Dawud Bolad, ɗan ƙabilar Fur, wanda ya shugabanci ƙungiyar ɗaliban jami'ar Khartum a ƙarƙashin tutar Ikhwan a farkon shekarun 1970. Ya ga cewa a masallaci sahu ɗaya ake yi, amma idan aka zo rabon muƙami sai a tuna daga ina mutum ya fito. Ya fice, ya haɗe da Garang, ya shiga Darfur da mayaƙa a ƙarshen 1991. Aka kama shi, ya mutu a hannun jami'an tsaro a farkon 1992. Gwamnan Darfur na lokacin tsohon abokin gwagwarmayarsa ne a jami'a.

A shekarar 2000 aka wayi gari da wata takarda ana raba ta a asirce a ƙofofin masallatan Khartum, mai suna Baƙin Littafi. Ba ta ƙunshi wa'azi ba, lissafi ne tsantsa: ministoci nawa, janar nawa, shugabannin banki nawa, kuma daga wane yanki. Ta nuna cewa yankin arewa, mai kusan kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar, shi ke riƙe da mafi yawan manyan muƙamai tun 1956, kuma gwamnatin Musulunci ba ta sauya komai ba. Marubutanta 'yan ƙungiyar ne da kansu. A 2008 kuma Hausawa sun yi zanga-zanga a garuruwan gabashin ƙasar bayan wata jaridar Khartum ta ambato Bashir yana cire su daga cikin 'yan Sudan. Fadar shugaban ta musanta maganar, amma saurin da mutane suka yi na gaskata ta ya nuna inda ciwon yake.

Ba a sarki biyu a gari ɗaya

Shekara 10 ana tafiya da kai biyu, Bashir a fada, Turabi a bayan labule. Da Turabi ya zama kakakin majalisa ya nemi rage ikon shugaban ƙasa, sai Bashir ya rusa majalisar a ranar 12 ga Disambar 1999, cikin watan azumi. Manyan almajiran Turabi, irin su Ali Usman Taha, suka bi mai bindiga suka bar malaminsu. Babu wata mas'ala ta fiƙihu da aka yi saɓani a kanta. Rabon ya bi layin yanki: mafi yawan 'yan bakin kogi suka zauna da gwamnati, da yawa daga cikin 'yan yamma suka bi Turabi ko suka yi gaban kansu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Dokta Khalil Ibrahim, Bazagawe, tsohon jagora a dakarun sa-kai da suka yi yaƙin kudu. Shi ya kafa ƙungiyar JEM, ɗaya daga cikin biyun da suka ɗauki makamai a Darfur a 2003. A Darfur babu Kirista da za a ce ana jihadi da shi, kowa Musulmi ne, ƙasa ce ta mahaddata Alƙur'ani. Gwamnati ta bai wa mayaƙan Janjawid makamai, aka ƙone ƙauyuka da masallatansu. Wutar ta tsallaka Cadi: 'yan tawayen da Khartum ke ɗaure wa gindi suka kai hari Njamena a Afrilun 2006 da Fabrairun 2008, Khalil kuma ya kai nasa har Omdurman a Mayun 2008. Kotun duniya ta CPI ta fitar da sammacin kama Bashir a Maris 2009. Kudu ta ɓalle a ranar 9 ga Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. Turabi, bayan ya sha ɗauri a hannun yaransa, ya rasu a Maris 2016.

Abin da ya kayar da Bashir a ƙarshe burodi ne. A Disambar 2018 farashinsa ya ninka sau 3, mutanen Atbara suka cinna wa ofishin jam'iyya mai mulki wuta, boren ya bazu. Matasan da suka cika tituna an haife su ne a ƙarƙashin Inƙaz, manhajarta suka karanta, kuma a dandalin zaman dirshen da suka yi a gaban hedikwatar soja sun yi sallar Juma'a da tarawihi. Ba addini suke gudu ba. Suna kiran 'yan ƙungiyar da laƙabin Kizan, suna kuma kiransu 'yan kasuwar addini. Sojoji suka tuɓe Bashir a ranar 11 ga Afrilun 2019, aka sami miliyoyin kuɗin waje a gidansa, kotu ta yanke masa shekara 2 saboda almundahana. Gidan kason Kobar aka kai shi.

Wasu ƙungiyoyin sun ɗauki darasi tun kafin nan. A Tunisiya, Ennahda ta Rashid Gannushi ta sami kujeru 89 cikin 217 a 2011, ta haƙura da saka shari'a a kundin tsarin mulki, ta kuma raba wa'azi da siyasa a 2016. Hakan bai hana shugaba Kais Sa'id rufe majalisa a Yulin 2021 ba, kuma an kama Gannushi a Afrilun 2023. A Maroko, jam'iyyar PJD ta jagoranci gwamnati shekara 10, masu zaɓe suka sauke ta daga kujeru 125 zuwa 13 a Satumbar 2021, saboda tsadar rayuwa da rashin aikin yi. Ta sauka ba tare da an zubar da jini ba, abin da tsarin Turabi bai bar wa 'yan Sudan hanyarsa ba.

A Sudan ɗin ma tsugune ba ta ƙare ba. An rusa jam'iyyar Bashir a Nuwamban 2019, an soke hukuncin ridda a Yulin 2020, amma shekara 30 na tamkin ba sa gogewa da sa hannu a takarda. Bayan juyin mulkin Janar Burhan na Oktoban 2021, da yawa daga cikin waɗanda aka kora sun koma kujerunsu. Maganar wane ne ɗan ƙasa ita ma tana nan: a Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka fiye da 100, ya sake ɓarkewa a Oktoba.

Yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023 kuwa, ɓangarorinsa biyu duk gadon Inƙaz ne. Dakarun RSF na Hamidti daga Janjawid suka samo asali, Bashir ne ya mai da su runduna a 2013 don su tsare masa kujera. A ɗaya gefen, mayaƙan sa-kai na ƙungiyar, irin su rundunar Bara'u bin Malik, suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da sojojin gwamnati, kuma suna cikin waɗanda suka shiga Khartum lokacin da aka ƙwato ta a Maris 2025. Amurka ta saka wa babban sakataren ƙungiyar, Ali Karti, takunkumi tun Satumbar 2023 bisa zargin hana sulhu. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu, kuma dubban ɗaruruwa daga cikinsu suna zaune a sansanonin gabashin Cadi, a kewayen Adre, kusa da waɗanda suka gudo tun 2003 ba su koma ba.